Tagar Matarnite da Makulli na Uku

Ɗiyana, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin gidan mahaifina, na rubuta na aurena, amma duk lokacin da na iso nan sai in rufe littafin in ce sai gobe. Kun san da girmana na koyi baƙi a ajin yaƙi da jahilci, hannuna ba ya sauri, to amma ba nawar hannu ce ta tsayar da ni ba. Kun tashi kuna jin ɗiyan baffanku suna cewa babanku ya watsar da sana'ar gidansu saboda ƙarfen nasara, shi ya sa kakanku ya hana shi makulli na uku. Babanku bai taɓa musa musu ba har ya koma ga Allah, ni ma na taya shi shiru. Yanzu cikin waɗanda suka ga abin da idonsu saura ni kaɗai, don haka ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Gidan kakanku yana cikin tsohon garin Agadas, inda in kun tsaya tsakar gida kuna hangen hasumiyar babban masallaci. Zauren gidan shi ne maƙera. Daga an fito sallar asuba za ku ji zuga-zugi ya fara numfashi, can ciki kuma Inna, wato kakarku, tana dakan gero da cuku da dabino, ƙarar turminta na haɗuwa da ta guduma har ba ku iya raba su. Raƙuman masu ayari na durƙushe a ƙofa, wasu daga Bilma, wasu daga Tigidda da gishiri, masu su na zaune suna shan shayi suna jiran aikinsu. Kakanku kwado yake ƙerawa, irin wanda ake rufe jakar fata da shi, na baƙin ƙarfe da aka yi wa fuska da tagulla da zane. Ni ɗiyar baduku ce, mahaifina ke ɗinka jakunan da kwadunan nan ke rufewa, ta haka ma aka san juna har aka yi aure. Kwadon kakanku hawa uku ne. Akwai ɗan fure cikin zanen da ake dannawa da yatsa. In an danna shi sai fuskar tagullar ta yarda ta zame gefe, sannan ramin makulli ya bayyana. Babanku da baffanku sun iya ƙera hawa biyun farko. Na ukun, wato cikin kwadon da makullinsa, kakanku kaɗai ke yin shi, sai ya kore su daga zauren ya ja ƙyaure. Haka ya gada: ɗa guda ake koya wa, kuma sai ranar da aka raɗa wa ɗansa suna. Babanku ne babba, shi ke jira. Sau biyu ina haihuwa a ɗaki, sau biyu abin da na haifa bai kai kwana bakwai ba. Bai taɓa ce mini komi ba, amma ina ganin yadda yake tsayawa bayan ƙyauren nan in an ja shi.

Akwai kuma yadda ake miƙa kwado ga mai shi. Kakanku ba ya buɗe shi a gaban jama'a. Sai ya ja mutumin bayan katanga, ya rufe hannuwansu da bakin rigarsa, ya nuna mishi sau biyu a ƙarƙashin riga, shi kenan. Daga nan asirin ya zama na mai kaya, in ya so ya gaya wa ɗansa, in ya so ya mutu da shi. Mu mata mu ke goge tagulla da toka da tsamiya, don haka babu abin da ba ya ratsa hannunmu. Ranar da na tare, Inna ta zaunar da ni ta ce:

"Ɗiyata, a gidan nan idonki zai ga abubuwa da yawa a hannun maza. Ki bar su a ido, kada su sauko baki."

Bayan samun mulkin kai da ƴan shekaru, gwamnati ta gina wa mata ɗakin haihuwa a bakin gari, ana ce mishi matarnite. Ba ginin laka ba ne irin namu mai kauri da sanyi, rufin tol gare shi, wato kwano, da tagogi takwas na madubi irin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Ba su buɗewa gefe kamar ƙyaure. An kafa su da ƙusa biyu a tsakiya, in an tura sai kan tagar ya sunkuyo ciki, gindinta ya fita waje. Wata rana da hantsi shef ɗin ginin, wato shugaban aikin, wani mutumin kudu mai fara'a, ya zo zauren kakanku. Ina tsakar gida ina jin su.

"Baba, akwatin sakatun da aka aiko daga Faransa bai iso ba, ba wanda ya san inda ya tsaya. Iska na wasa da tagogin nan, madubi biyu sun riga sun fashe. An ce mini kai ne maƙerin garin."

"Ni kwado nake yi, ba na yi wa ɗaki ido," in ji kakanku. "Ga babban ɗana nan, shi zai yi maka. Amma ka sani, abin da akuya za ta ture da hanci ba ya fita daga zauren nan."

Babanku ya yi murna ƙwarai da aikin nan, don shi ne na farko da aka ce nashi ne. Ya tafi ya auno tagogin da zare, ya zo ya zauna kusan wata guda. Ya yi wa kowace sakata fuskar tagulla da zane mai kyau, ya sa mata hawa biyun da ya iya, a danna fure, a zame fuska, sannan harshen sakatar ya ja baya tagar ta sunkuya. Ni na goge su duka takwas, da ƙaramin cikin yayanku a jikina. Ranar da ya kafa su, ya ja shef bayan ginin, ya rufe hannuwansu da riga, ya nuna mishi sau biyu. Shef ya yi dariya ya ce ya gane, ya yaba aikin, bayan kwana biyu ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi wani garin yin wani ginin. A wurin babanku da kakanku magana ta ƙare, an ba mai kaya asirinsa. Ba wanda ya tuna cewa shef ba shi zai zauna a ɗakin ba. Lokacin ɗari ne kuma, kowa na son taga a rufe, maza kuwa ba su bi ta wajen matarnite, balle su lura.

Da bazara ta kama cikina ya tsufa. Inna ce da kanta ta ce wannan karon a gwada na likita, ko Allah ya sa a dace. Naƙuda ta tashi mini da hantsi, ta raka ni, aka hana ta shiga, ta zauna a inuwar katanga. Ɗiyana, na san zafin Agadas tun ina yarinya, amma ban taɓa shiga irin na ɗakin nan ba. Tol na shan rana daga sama, madubi na tara ta daga gefe, ƙofa kuma na kallon hanya, ba a iya barinta buɗe a kan mata masu naƙuda. Mu biyar ne a ciki. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya ƴar Tabelot, can cikin duwatsu, da aka kawo bisa buhunan albasa, ta haihu da safe, uwarta tsohuwa na zaune a ƙasa tana fifita jaririn da gefen mayafi. Jaririn ya daina kuka, ya yi laushi, bakinsa a buɗe. Ungozomar likita, wadda ake ce wa sajfam, wata doguwar mata ce daga Damagaram, Madam Rakiya. Ta hau kujera tana ƙwaƙular sakatar da bakin almakashi, zufa na ɗiga daga haɓarta.

"Wallahi in Allah ya haɗa ni da nasaran da ya ƙera wannan abu, sai na kulle shi a ɗakin nan wuni guda," in ji ta. "Takarda biyu na rubuta Yamai a aiko mini da makullin fanetir, wato tagogin nan. Kun san amsar da suka ba ni? Wai fanetir ba ta da makulli."

Wata daga can ƙurya ta ce ta fasa madubin mana.

"In fasa kayan gwamnati? Ke za ki tafi ki yi musu bayani?"

Ta ce haka, amma na ga ta sauko ta ɗauki kujerar tana auna nauyinta a hannu, tana duban jaririn. Ni kuwa ina kwance ina kallon furen da na goge da hannuna. Ban ɓoye muku ba, na yi shiru na ɗan lokaci, kuma shirun nan har yau ina neman gafarar Allah a kansa. Maganar Inna na kunnena. Na san furen nan shi ne a kan kowane kwado da ya fita daga gidanmu, na san abin da babanku ke jira. Sai ciwo ya sake murɗa ni, na tuna nan da ɗan lokaci nawa ɗan zai faɗo cikin wannan tanda, ni da na riga na binne biyu. Na ce, muryata ko fita ba ta yi sosai:

"Madam, ki danna furen da ke ƙasa."

"Mi kika ce, ƴar'uwa?"

"Furen ƙasa, na hannun hagu. Ki danna, ki riƙe, ki tura tagullar gefe."

Ta gwada, ta danna wanda ba shi ba, ta sake, ta juyo tana harara ta kamar ina yi mata wasa. Na dafa ƙarfen gado na tashi, tsohuwar Tabelot ta riƙe mini ƙugu, na taka har gindin tagar. Yatsana ya san wurin ko ban duba ba. Na danna, na zame, tagar ta sunkuyo a hankali kamar mai gaisuwa. Iskar da ta shigo ba mai sanyi ba ce, iskar azahar ce, amma tana motsi. Madam Rakiya ta kama hannuna. Ta ja ni taga ta biyu ta ce in sake, ta sa idonta dab da hannuna, ta uku ita ta buɗe da kanta, sauran kuma har masu jego suka taya ta, suna dariya suna gardamar wace ta fi sauri. Aka shafa wa jaririn ruwa aka kai shi bakin taga, can sai muka ji ya yi ɗan kuka kamar na kyanwa. Tsohuwar ta tsaya tana shafa tagullar da yatsa, ta ce da Hausarta ta mutanen dutse:

"Wanga fure, irinshi na ga jikkar maigidana."

Yayanku ya zo kafin la'asar, lafiyayye, da muryarsa. In kun taɓa mamakin abin da ya sa tsofaffin unguwa ke ce mishi Ɗan Taga, to daga nan ne.

Kafin in yi kwana uku a gida labarin ya gama gari. Mata sun gwada a jakunan mazansu, fure ya dannu, fuska ta zame. Jakar ba ta buɗe ba, tunda hawa na uku na nan, amma an taɓa abin da ba a taɓa taɓawa ba. Wani madugu da ya shekara ashirin yana sayen kwado a wurin kakanku ya zo ya ajiye nashi a bakin maƙera, ya ce matarsa ta kai shi har bakin rami tana yi mishi dariya, saura taki ɗaya. Da ya tafi kakanku ya kira babanku. Ɗakina na jingine da zauren, duk abin da aka ce ina ji.

"Wa ya fitar da asirin?"

"Ni ne, Baba. Ni na yi sakaci."

Na ji kakanku ya ajiye guduma. Sannan ya ce:

"Abin da ya zube ya zube. Zan canza wa kwaduna fure. Kai kuma ka tafi ka ciro takwas ɗin nan, ka yi musu sabon asiri wanda mace ba za ta gane ba, ka nuna wa babbar cikinsu ita kaɗai. In ka gama, ranar suna in ja ƙyaure da kai a ciki."

Babanku ya tafi ciro su da yamma. Abin da ya faru can, daga baya Madam Rakiya ta ba ni labari. Ta ce ba ta zage shi ba. Ta sa shi ya shiga ɗakin, ta rufe tagogin duka, ta ce ya zauna bisa gado har ta gama wanke kayan aikinta. Da ta dawo rigarsa ta jiƙe. Ta ce mishi ita ba kullum take nan ba, ana kiranta cikin gari, wata rana za a canza mata wuri, kuma wadda ke bukatar iska mace ce mai jariri a hannu ɗaya da ciwo a jiki. Ya kwashe sakatun a kwando ya dawo. Washegari na ji guduma, amma ba irin bugun da na saba ji ba, babu ƙananan bugun zane. Inna ta leƙa ta dawo ta ce mini ƙarfe ne zalla babanku yake lanƙwasawa, dogon hannu mai tsaga uku da ƴar ƙugiya. Kakanku ya ɗauki ɗaya ya juya ya ce wannan mahauta ke rataya nama da shi, ya ajiye.

A kwana na biyar, Inna ta fita neman itacen wankan jego, babanku ya tafi awo. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa kakanku magana baki da baki ba, in na ji tafiyarsa ma kauce hanya nake. Ranar na ja mayafi na durƙusa a bayan asabarin zaure. Yana goga wani abu da magagari.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ce na buɗe."

Magagarin bai tsaya ba.

"Na sani, ɗiyar baduku. Bakin matan gari ba kwado gare shi ba. Ke kin ji wuta kin buɗe, ko ni ne a ɗakin ban san abin da zan yi ba. Ba ni da magana da ke. Maganata da wanda ya zauna da hankalinsa, cikin inuwa, yake ƙera abin da ba ya rufe komi. In na ba shi na ukun, wata rana zai ga wani cikin wahala ya miƙa mishi. Tashi ki koma, jikinki ɗanye ne."

Da babanku ya dawo na roƙe shi. Na gaya mishi abin da na yi, na ce ya yi wa Allah ya bi maganar mahaifinsa, ya yi sabon asirin, ni zan tafi a ɓoye in koya wa duk wadda ta shiga ɗakin. Na ce shekara nawa yana tsaye bayan ƙyaure, ga shi saura kwana biyu. Ya saurare ni har na gama. Sai ya fita ya dawo da wani katako da ya kafa wa sabuwar sakatar, ya jingina shi da bango.

"Ɗauki yaron nan. A'a, da hannun dama, yadda kike ba shi nono. To, buɗe da hagu."

Na ɗaga ƙugiyar, ta ɗan cije. Ya karɓa ya goge bakinta da magagari, ya hura, ya mayar.

"Sake."

Wannan karon da ɗan yatsa ɗaya ta tashi. Ya nuna mini tsagogin: ta farko iska kaɗan don jariri, ta biyu rabi, ta uku duka, kuma ko wace aka sa iska ba ta iya buga tagar. Na ce mishi ban ji amsar maganata ba.

"Kin ji," in ji shi.

Ranar suna kakanku ya yi duk abin da kaka ke yi. Shi ya zaɓi ragon, shi ya raɗa sunan, ya ɗauki yayanku ya tofa mishi addu'a, har ya ce hannuwansa na maƙera ne. Da jama'a suka watse bayan azahar, ya kira baffanku, wanda matarsa ta haihu tun bara, suka shiga zaure aka ja ƙyaure. Ina zaune a ƙofar ɗaki cikin ƴan barka na ga babanku ya fito da kwandon ƙugiyoyinsa a ka. Zauren ne hanyar fita, ga shi a rufe. Ya tsaya a bakin ƙyauren, zuga-zugi na numfashi a ciki, ya yi tsaye kamar yadda ya saba, sai dai bai daɗe ba. Ya juya ya bi ta ƙaramar ƙofar baya da awaki ke fita.

Bayan arba'in ya ɗauke uwar maƙerarsa ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Ba kora aka yi ba, kada wani ya gaya muku haka. Kullum da safe yana zuwa gaida mahaifinsa, da salla a kwano ɗaya suke ci, kuma a hannunsa kakanku ya cika. Wuta ɗaya ce kawai ba su sake haɗawa ba. Aikin taga ya bi shi, makarantun lakwal da gidajen likita har cikin duwatsu, da shi aka ciyar da ku, da shi kuka yi karatu. Ayari kuma ya yi ta raguwa, kamyo ya karɓe hanya, amma ban rubuta wannan don in ce wani ya yi daidai wani ya yi kuskure ba. Kwadon kakanku abu ne mai kyau, ban sake ganin irinsa ba, kuma ɗiyan baffanku suna da gaskiyar yin alfahari da shi.

Sau ɗaya na taɓa tambayar babanku. Mun tsufa a lokacin, idonsa ya fara rauni, ya bar rumfar a hannun yayanku. Muna zaune da la'asar ina dafa mishi shayi, sai na ce ko yana tuna makulli na uku. Na zaci zai yi dariya ya ce abin ya wuce. Ya daɗe yana murza yatsunsa, sannan ya ce:

"Na so in san yadda cikinsa yake, Azara. Har yau ina so."

Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na zuba mishi na biyu, ya sha.